A Gindin Takwarana

Ni dai tun farko ban so mutumin ba, kuma ban ɓoye ba. Mai zuma ne daga wani ƙauye can yankin Zala, dogo, mai faffaɗan kunnuwa, in zai gaishe ki sai ya cire hula ya ce "Ina sumbatar hannunki," kamar kakanmu ya dawo duniya. Sunansa Álmos, a yarenmu mai jin barci ke nan. Ban san wane uba ne zai dubi jariri ya raɗa masa suna Mai-jin-barci ba, amma haka aka yi masa, sunan kuma ya bi shi. Kafin ya kai ƙarshen magana ɗaya, miyar gabanki ta huce.

Ƙanwata Vilma ce ke son sa. Ita ke sayar da kabeji mai tsami da kokwamba a kasuwar Lehel, shi kuma duk wata yakan zo ya jera kwalabensa a teburin da ke jikin nata. Shekara da shekaru suna haka, hirarsu ba ta wuce sanyi ya yi yawa bana, ƙudan zuma sun sha wuya. Mijin Vilma ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya. Nawa kuwa ni da hannuna na fitar masa da akwatinsa bakin ƙofa. Sai muka haɗa gida, ɗaki biyu a hawa na uku, kusan shekara ashirin ke nan. Ni ke magana, ita ke girki. Tsarin ya yi mana daidai, ko kuwa in ce ya yi mini daidai.

Ranar wata Juma'a ta dawo daga kasuwa ta zauna a kicin, ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

Na ce, "Ke lafiya? Ko gangar kabejin ce ta fashe?"

"Ya daina zuwa."

"Wa?"

"Kin sani, Yaya Etelka."

Da ƙyar na zaƙulo labarin daga bakinta. Gwiwoyinsa sun gaji da ɗaukar kwalabe zuwa jirgin ƙasa, yau ce kasuwarsa ta ƙarshe. Da yake tattara kaya ya ce mata gidansa yana da kicin mai kallon gabas, rana na shiga da safe, amma ba mai tsayawa a ciki.

"Wannan ita ce maganar auren? Kicin?"

"Haka ya ce."

"Ke kuma kika ce me?"

"Wata mata ta zo, na auna mata kokwamba."

Na riƙe kai. Mace ta haura hamsin, an zo mata da magana sau ɗaya a shekara talatin, ta ɓuya a bayan sikeli.

Ta ce, "Ya ce kar in amsa a gaban mutane. Gobe in an kaɗa ƙararrawar tsakar rana, yana tsaye a gindin takwaransa. In na je, ya ji. In ban je ba, ya ji, zai hau jirginsa, ba zai ƙara damuna ba."

Na san irinsu. Mutanen ƙauyen nan in sun ce sun ji, to sun ji, ko wasiƙa goma kika aika daga baya sai dai su ninke su sa ƙarƙashin tukunya. Gidansa ba waya, lokacin kuma wayar aljihu ba ta shigo hannun talaka ba. Na ce mata ta ci abinci ta kwanta, mai zuma ba shi ne autan maza ba. Ban ce ta je ba. A raina ma murna nake da wannan sharaɗi nasa, don na san ƙanwata, ko ofishin gidan waya ba ta zuwa ita kaɗai.

Da safe na fito na tarar da ita zaune a bakin gado cikin shuɗiyar rigar da ta ɗinka wa bikin ɗiyar maƙwabta ba ta taɓa sawa ba. Ta naɗe gashi, ta sa takalmi mai tsini, jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ba ta iya tashi ba. Na dubi fuskarta, sai na ga wata fuska da rabona da ita tun muna 'yan mata, lokacin da ake kiɗa a filin unguwa ita tana laɓe bayan ƙofa tana buga ƙafa. Wani abu ya taso mini, haushi ne ko tausayi ban tsaya tantancewa ba.

Na ce, "Tashi."

"Yaya, ƙafafuna."

"Ƙafafunki na nan inda kika bar su. Ina ne gindin takwaran nasa?"

Ta yi tsuru-tsuru. "Ban tambaya ba."

"Ai ba sai kin tambaya ba. Ke ba ki yi makaranta ba ne? Álmos, Előd, Ond, Kond, Tas, Huba, Töhötöm." Na jero mata sarakunan yaƙin nan bakwai da suka kafa ƙasarmu, yadda aka dasa mana su da bulala tun aji biyu, ina lanƙwasa yatsu. "Ina gumakansu suke in ba Dandalin Jarumai ba? Shekara talatin ina tuƙa turoli, bas ɗin nan mai lantarki, ta gindinsu, sun san ni na san su. Ɗauko laima, ko da yake ba hadari."

Muka shiga ƙaramin jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka fito a bakin dandalin tun da sauran lokaci. Wayyo, ranar ta yi kyau. Watan Mayu ne, rana ta wanke duwatsun dandalin fes, 'yan samari na ta zamiya da katakonsu mai taya, baƙi 'yan yawon buɗe ido sun yi ayari-ayari bayan masu ɗaga tuta. Can gefe ga wasu 'yan biki, motocinsu sun sha farin ƙyalle. Ga kuma mutanen nawa a gindin dogon ginshiƙi, bakwai cif, tagullarsu ta yi kore, gashin baki har ƙirji, wannan da gatari wancan da kulki, dawakai sun buɗe hanci kamar yanzu za su diro kan mutane. Gaskiya ban taɓa tsayawa kusa da su haka ba. Daga kujerar direba ƙafafun dawakai kawai nake gani, da 'yan iskan da ke tsallaka titi ba sa dubawa.

Sai na ji kamar ni aka yi wa alƙawari. Na ja Vilma har gaban na farko, wanda ya fi kowa fitowa, ya miƙe a sirdi yana kallon birni.

"Ga shi nan. Na ɗaya a jeri, na ɗaya a doki. Tsaya nan, ɗaga kai, ki daina murza jakar nan."

"In ya zo me zan ce?"

"Ba sai kin ce komai ba, ai shi ya tsara haka. Ya san da wa yake."

Ni kuma na koma gefe, ƙarƙashin wani da aka yi wa dokinsa linzami da ƙahon barewa, na buɗe laima don rana, ina leƙen kowace hula da ta shigo dandalin. Sau biyu na ce ga shi nan, sau biyu ya zama wani tsoho dabam. Vilma na tsaye ƙyam. Iska na kaɗa shuɗiyar rigar, ta yi kyau har na ji haushin duk shekarun da ta yi cikin rigar kasuwa mai warin tsami.

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta nesa ta fara, ta kusa ta amsa, tattabaru suka tashi. Muka saurara har ta yi shiru. Ba Álmos, ba hularsa.

Na ce, "Mai nawa ne, kin sani. Yana hanya."

Ta gyaɗa kai. Muka ƙara jira. Na ga kafaɗunta suna sauka kaɗan-kaɗan, ni kuwa jinina na hawa. Na fara shirya abin da zan gaya masa, tun daga kunnuwansa har zumarsa da nake zargin da sukari a ciki.

Sai ga wani ɗan gajeren mutum mai sanƙo, kyamara biyu a wuya, gumi na zuba, ya tsaya gabanmu. Mai hoton 'yan bikin ne. Ya fara da Néni, yadda ake kiran mace babba a wurinmu.

"Néni, don Allah ku ɗan matsa daga gindin Árpád, zan ɗauki amarya."

Na ce, "Ka ɗauke ta a gindin Árpád ɗin mana, wa ya hana ka? Mu a gindin Álmos muke."

Ya dube ni, ya dubi dokin. "Wannan ai Árpád ne."

"Yaro, tun kana tsumma nake wuce wurin nan."

"To tun ina tsumma Árpád ne."

'Yan biki suka matso, don ba abin da ke tara mutanenmu kamar gardama. Uban ango, wani mai tumbi da fure a aljihu, ya ɗaga yatsu ya fara jerowa, Álmos, Előd, Ond, sai ga rabin taron sun kama, har da wata kaka mai sanda, kowa na rerawa da muryar aji biyu. Suka kai Töhötöm, yatsu bakwai.

Uban ango ya ce, "Suna bakwai, doki bakwai. Dezső, matar nan ta fi ka gaskiya. Ina ka ga wurin Árpád a ciki?"

Mai hoton, Dezső ke nan, ya share gumi. "Bakwai ne, ban ce ba bakwai ba. Amma uban ba ya nan, ɗan ne aka ɗora gaba. Álmos ai bai shigo ƙasar ba, a hanya ya tsaya, ɗansa Árpád ya ƙaraso da jama'a. Jerin makaranta dabam, dawakai dabam."

"To ina aka kai uban?"

"Yana Buda, tsallaken kogi. Ganuwar Masunta, jikin hasumiyar arewa, na dutse, a tsaye, ko jaki ba a ba shi ba. Duk Asabar sai na jingina masa amarya, daga nan ma can muka nufa."

Buda. Jirgin Zala daga tashar Déli yake tashi, ita kuma tana gindin tudun da ganuwar take kai, ta ɗaya gefen. Mutumin da duk wata yake sauka a can, ina zai sani a birnin nan in ba tudun da ke kansa ba? Shi yana can tsallaken kogi tun ɗazu, da hularsa a hannu, ni kuwa na kawo masa mata na dasa a gindin ɗan takwaransa. Turoli ba ya tsallaka kogi, shi ya sa duk abin da ke Buda a wurina labari ne.

Vilma ta fahimta kafin in buɗe baki. Ta ce a hankali, "Shi ke nan, Yaya. An kaɗa. Ya ji."

"Bai ji komai ba."

"Mu tafi gida."

"Gidan wa? Kai Dezső, ina motarka?"

Ya ce bai gama ɗaukar hoto ba, an biya shi, akwai na iyaye, akwai na ƙawaye. Amarya ce ta raba gardamar. Wata ƙatuwar yarinya ce mai jan kumatu, ta tattaro farar rigarta a hannu ta kutso tsakiya ta ce wai me ake ciki. Na gaya mata a gurguje: ga mace, ga mai zuma, ga ƙararrawa, ga jirgi.

Ta dubi Vilma. "Néni, kina son sa?"

Vilma ta yi ja har wuya. Sannan a gaban baƙi fiye da talatin da dawakai bakwai ta ce, "Ina so."

Ni kaina ban taɓa jin ta faɗa ba.

Amarya ta juya ta daka tsawa, "Kowa mota! Dawakan nan ba inda za su, ma dawo musu."

Kan ka ce kwabo dandali ya hargitse. Ango na neman hularsa, kaka na bugun mutane da sanda su ba ta hanya, ƙawaye na gudu riƙe da takalma. Motar Dezső wata tsohuwar Trabant ce mai launin madara, kujerar baya cike da ƙafafun kyamara. Na tura Vilma ciki, na faɗa gaba, ƙofar ta ƙi rufuwa sai da na riƙe ta da hannu. Injin ya yi tari, ya yi atishawa, ya tashi.

Muka miƙe babban titin Andrássy, mu a gaba, motocin biki a bayanmu, kowa ya ɗora hannu a kan ham. Ranar Asabar ba mai hana 'yan biki ham, amma irin namu ba a taɓa ji ba. Masu shan kofi a bakin titi suna ɗaga kofuna, wani ɗan sanda ya sara mana. Ni kuwa tsohon aiki ya motsa.

"Canja giya. Kana jin ta tana kuka, canja mata. Shiga hagu, bas ɗin nan zai tsaya, na san halinsa. Wuce, fitilar ruwan ɗorawa ce ba ja ba."

"Néni, ja ce."

"Da ka taka da ba ta yi ja ba."

Ya ce wallahi ya yi aure sau biyu bai gamu da irina ba. Na ce da ya gamu da bai yi na biyun ba. A baya Vilma na rungume da ƙafar kyamara, gashinta ya fara warwarewa, sai na ji wani sauti na juya. Dariya take. Hawaye na zuba, tana dariya, tana cewa, "Taka, Dezső, taka." Don daɗi na leƙa da kaina ta taga ina yi wa masu tsallaka titi ihu su kauce.

Muka hau gadar sarƙa ta tsakanin zakunan dutsen da ke bakinta. Kogi na walƙiya, ga farar ganuwar can sama da hasumiyoyinta masu tsini. Ban taɓa ganin ta yi nisa kamar ranar ba. Muka zagaya shataletale, muka kama hawan tudu, Trabant na nishi, hayaƙi na bin motar amarya. A kwanar ƙarshe muka tarar da wata doguwar motar 'yan yawo ta gicciye, tana son juyawa ta kasa, direban ya fito yana sosa ƙeya.

Dezső ya ce, "Nan kam sai ƙafa. Ga matakala nan, ta kai ku har sama."

Na ɗaga kai na ga matakalar, gwiwoyina suka ce ba da mu ba. Ban saurare su ba. Vilma ta yi taku kaɗan, tsinin takalminta ya maƙale, ta tsaya ta cire duka biyun ta danƙa mini, ta ci gaba da safa. Ƙanwata da ko shara za ta kai ƙasa sai ta duba madubi. Muka hau. A jikin bango wasu mayaƙan dutse na jere, kowa da garkuwa da takobi, suna kallonmu muna haki. Na ce wa ɗaya, "Kai dai ka huta," numfashina bai kai in ƙara ba. A bayanmu amarya na tafe, ƙawaye biyu riƙe da jelar rigarta, uban ango ya zama ja kamar barkono.

Dezső ya wuce gaba ya nuna hanya, muka bi ta ƙarƙashin bakuna har hasumiyar arewa. Ga shi kuwa. Álmos na dutse, a tsaye, fuska a murtuke, ba wanda ya kula da shi sai tattabara. Ba kowa a gindinsa. A ƙasa, daidai ƙafarsa, an ajiye kwalbar zuma ɗaya, an ɗaure mata reshen farin fure a wuya da zaren buhu.

Vilma ta durƙusa ta ɗauka. Ta ce, "Da ɗumi. Rana ta daɗe a kanta."

Amarya ta ce a bazu a nemo shi. 'Yan biki suka watsu cikin baƙi suna tare duk tsoho mai hula. Sai dai sunan nan nasa ya zame mana bala'i. Ka tare mutum ka ce masa "Álmos?", ai tambayarsa ka yi ko barci yake ji. Wani ya ce a'a, ya sha kofi. Wani ya ce tun jiya, matarsa ce ta hana shi. Wani tsoho ya ce wa ƙawar amarya in tayi take masa to ya gode. Aka yi ta dariya, ni kuwa kamar in cije wani.

Na ce, "Ku bar shirme. Tasha ya nufa, ta bayan tudu ake sauka."

Na kama hannun Vilma muka ratsa ta gaban coci, ta tsakanin masu sayar da kati da masu goge, muka bi ɗan lungun da ya ɓulle ɗaya bangon. Tudun ba shi da faɗi, amma ranar sai da na ji kowane dutse a tafin ƙafata. Muka iso bango muka leƙa. Ga dogayen matakala sun gangara cikin itatuwa, ga koren fili a ƙasa, ga rufin tasha a bayansa, har ana jin muryar mai sanarwa.

Vilma ce ta gan shi. Can ƙasa, ya kusa ƙarshen matakala, hula a ka, tsohon akwati a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan ƙarfen dafawa. Yana sauke ƙafa ɗaya, ya kawo ɗayar kusa da ita, ya huta, sannan ya sake. A ranar na gode wa Allah da ya yi shi mai nawa.

Ta ɗora kwalbar a kan bango, ta kama dutse da hannu biyu, ta kira sunansa. Muryar ta fito 'yar siririya, irin ta mai tambayar a ƙara gishiri. Ko tsuntsun da ke kan reshe bai tashi ba. Ta sake, ta fi ta farko, har wani dattijo da ke karanta jarida a benci ya ce, "To je ki kwanta mana, baiwar Allah." Mai zuma bai waiwayo ba. Ya sauke wata ƙafar. 'Yan biki ba su ƙaraso ba tukuna, mun bar su a baya wajen coci. In ya kai ƙasa ya shiga cikin itatuwa, sai tasha, mu kuwa ko mirginawa muka yi ba za mu cim masa ba.

Vilma ta juyo ta dube ni.

Ni ina da murya. Shekara talatin ina korar mutane daga ƙofar baya ba tare da lasifika ba, har fasinjoji kan ce in na ce a matsa ciki, na motar bayanmu ma matsawa suke. Vilma ta sani, na sani. A wannan ɗan tsakanin kuma na san wani abu: in na ce numfashina ya ƙare, ba wanda zai ga laifina. Na hau matakala, na tsallaka kogi, na yi iyakar yina. Mu koma gida, ta cire shuɗiyar riga, gobe Lahadi ta yi mana miyar nama da taliya siririya yadda ta saba, in yi ta magana tana ji. Na so hakan. Ba zan yi ƙarya ba, na so shi har cikin ƙashina.

Na ja iska har haƙarƙarina ya yi ƙara.

"Kai mai zuma! Dakata nan, mai kunnen faranti, ga ta nan ta zo!"

Tattabaru suka watse daga rufin gidaje. Dattijon benci ya yar da jarida. Wani kare can ƙasa ya kama haushi. Mai zuma ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ya ajiye ta, ya ajiye akwati, ya juyo a hankali kamar mai tsoron abin da zai gani. Ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon shuɗiyar rigar. Sannan ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Vilma ta riga ta kama matakala. Da safa take sauka, gashi a warware, ba ta ko dafa ƙarfe. Shi kuma ya bar akwatinsa a inda yake ya fara hawowa, da gwiwoyin nan da suka hana shi kasuwa. Nan 'yan biki suka iso suka jeru a bango, amarya na tsalle tana dukan kafaɗar ango, kaka na tambaya a gaya mata me ake gani. Da suka haɗu a tsakiya aka saki tafi da fito, uban ango ya zaro kwalba daga aljihu yana miƙa wa duk wanda ke kusa. Dezső na ta ƙyasta kyamara, yana cewa wannan kyauta ne, ba zai karɓi ko sisi ba.

Ba na jin abin da suke faɗa. Na ga dai tana nuna tsallaken kogi da hannu, tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, shi yana girgiza kai. Bakinta bai tsaya ba. Vilma ce ke ta zuba, shi yana saurare. Daga nan ya ba ta hannu ta saƙala nata, suka juya suka fuskanci ƙasa, inda akwatin ke jira.

Sai da suka yi 'yan matakai ta waiwayo ta nemo ni a cikin mutanen da ke bango. Ta tsaya. Na san wannan tsayuwar, jira take in ce mata wani abu, kamar kullum. Na ɗaga mata takalmanta sama, na yi mata alama da su ta wuce, ta wuce mana. Ta ɗan jima tana kallona, sannan ta juya.

Amarya ta rungume ni har fure ya shiga mini baki, ta ce dole in zo cin abinci. Na ce na gode, ƙafafuna sun gama aiki na yau. Suka tattara suka koma wajen hasumiya, don har yanzu ba a ɗauki hoton iyaye ba. Dezső ya tsaya yana canja fim, yana satar kallona.

"Néni, kuka kike?"

"Iskar Buda ce, ba ta taɓa karɓata ba."

Ya ce haka ne, tana da ƙura. Na sa takalman a jaka, na ɗauki kwalbar zumar daga kan bango. Sannan na tambaye shi ko in sun gama zai bi ta Pest, gefenmu na kogi.

Ya ce, "Sosai. Sai dai kin ga motar, ku biyu da kaya ta sha wuya ɗazu."

Na ce, "Wurin mutum ɗaya nake nema."